Daga Takardar Sakandare Zuwa Lasisi: Yadda Ake Zama Ma'aikacin Jinya a Nijeriya

Wata maƙwabciyata ta yi mini sallama bayan isha'i, 'yarta na biye da ita, ta rungumo leda cike da takardu. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Anti Nas, don Allah duba mana takardun yarinyar nan. Shekara biyu ke nan muna biya, yau kuma an ce wai ba za ta zauna jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya ba."

Na zazzage ledar a kan tabarma. Ga rasidin kuɗin makaranta, ga na yunifom, ga na fita asibiti, har da hoton ranar da aka sa musu hula, ta yi fes da ita cikin fararen kaya. Na ce, "'Yata, ina lambarki ta Majalisa?" Ta dube ni, ta dubi uwarta. Ba ta taɓa jin akwai wata lamba ba. Makarantar da ta yi, wadda ba zan kama sunanta ba, wani gida ne mai hawa ɗaya da aka liƙa wa allo a ƙofa, ba ta da izinin horar da ma'aikatan jinya ko na kwana guda. Adashin uwar na shekara biyu da awaki uku suka tafi a nan.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni yadda ake shiga wannan aiki, da maganar lasisi nake fara masa. A Nijeriya farar riga ba ta mayar da mutum nas, iya yin allura ma haka. Wanda Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wato NMCN, ta rubuta sunansa a rajistarta ta ba shi lasisi, shi ne nas a idon doka. Duk matakan da zan jero a ƙasa hanya ce ta isa ga wannan takarda. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata sun fi yawa a cikinmu, amma maza su sani da su nake, domin akwai su da yawa a aikin, kuma wasu daga cikin malaman da suka fi ƙwarewa da na sani maza ne.

Inda aikin ya samo asali, a taƙaice

Jinya ta girmi makaranta. A tarihin Musulunci akwai Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da ta kafa tanti a Madina tana kula da waɗanda suka ji rauni. Lokacin da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, a tantinta Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi don ya riƙa duba shi daga kusa. Nakan faɗa wa iyayen da ke ganin aikin nan bai dace da 'ya mace ba wannan labari, sau da yawa kuma yakan wadatar.

Tsarin da muke bi yau na makaranta da jarrabawa da yunifom kuwa daga Ingila ya taso. A shekarar 1854 Florence Nightingale ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau, lokacin yaƙin Kirimiya. Abin da ta tarar shi ne cututtuka irin su kwalara da atini da zazzaɓi sun fi harsashi kashe sojoji. Ta dage kan tsafta da iska da abinci da rubuta komai, ta kuma yi amfani da alƙaluma ta nuna wa gwamnati gaskiyar lamarin. A 1860 aka buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

A nan gida, asibitocin mishan da na gwamnatin mulkin mallaka ne suka fara koyar da mutane a bakin gadon majinyaci, kowa da irin tasa koyarwar. Doka ta shigo a 1930 da aka kafa hukumar ungozoma, sai majalisar ma'aikatan jinya a 1947. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ce ta haɗe su wuri guda suka zama Majalisar da muke da ita yanzu. A tsakani, Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a waccan makaranta ta Nightingale, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe shugabancin ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, kuma a 1965 Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digiri a fannin. Wannan ya isa ki gane abu ɗaya: rajistar nan ba jiya aka ƙirƙiro ta ba, kuma babu wata ƙofar baya.

Mataki na farko: kiredit biyar

Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Kiredit a kowanne, a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce biyu. Babu sassauci a nan, babu kuma wani darasi da ke maye gurbin wani. Na sha ganin yarinya da A a Bayoloji da Kemistiri amma D7 a Fiziks, iyaye suna yawo ofis-ofis neman alfarma. Ko makaranta ta rufe ido ta ɗauke ta, Majalisa za ta mayar da takardun. Abin da ya fi sauƙi shi ne ta sake zama jarrabawar, ta rasa shekara ɗaya maimakon uku.

Saboda haka shawarar tana farawa tun daga aji huɗu na sakandare, ranar da ake raba ɗalibai ajin kimiyya da na adabi. Uba, in kana da burin 'yarka ta yi wannan aiki, ranar ce za ka sa ido.

Masu cewa me ya haɗa jinya da Lissafi, ga misali. Likita ya rubuta a ba majinyaci ruwa mililita 500 cikin awa huɗu. Robar ƙarin ruwan da ke hannunki tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo nawa za ki saita a minti? Ki ninka 500 da 20, ki raba da minti 240, ya ba ki kusan 42. Ƙarfe uku na dare za ki yi wannan lissafi, da fitilar waya wataƙila, idonki a kan agogo kina ƙirga ɗigo. In jariri ne a kan gadon, kuskuren ɗigo ko na sifili ɗaya a awon magani yana iya zama ajali.

Wani abu da ake raina shi: sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a sakamakon sakandare, da JAMB, da lambar NIN, da takardar haihuwa. A'isha a nan, Aishatu a can, sunan uba a gaba a wata takarda, a baya a wata, wannan ƙaramin abu yakan riƙe mutum watanni. Ki gyara tun yanzu da sauran lokaci.

Mataki na biyu: zaɓen hanya

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin tsarin ya sauya a 'yan shekarun nan, kuma yawancin masu ba da shawara a gida tsohon tsari suka sani.

Tsohuwar hanya, wadda mu muka bi, ita ce makarantar jinya ta shekara uku da ke jingine da asibiti. Ka sayi fom a makarantar, ka zauna jarrabawar shiga da intabiyu, ka gama ka fito da RN, wato rajistar ma'aikacin jinya. Ungozoma ma tana da tata ta shekara uku mai ba da RM, wato rajistar ungozoma. Horo ne mai tsanani, hannu yana faɗawa sosai, amma takardar ta sana'a ce kawai, ba a zuwa bautar ƙasa da ita, kuma a aikin gwamnati akwai matakin da ba ta wucewa. Wannan ne ya sa aka mayar da makarantun kwalejoji.

Hanyar kwaleji ita ce ta difloma da babbar difloma, ND da HND, shekara biyu-biyu, huɗu ke nan a jere. Ta JAMB ake shiga, kuma hukuma biyu ke sa ido a kai: Majalisa ta ɓangaren sana'a, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta ɓangaren takardar ilimi. A cikin shekarun nan huɗu ɗaliba takan zauna jarrabawar RN, sannan ta ƙara da ta ungozoma ko ta lafiyar al'umma kafin ta fita. Kwalejojin jihohi irin na Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, da na asibitocin koyarwa na tarayya, nan suka dosa. Ki lura da wannan da kyau: ND kaɗai ba ta sa a kira ki nas. Wadda ta tsaya a shekara ta biyu ta tafi, ba ta da lasisi.

Hanya ta uku jami'a ce, digirin jinya na BNSc, shekara biyar. A JAMB za ki ɗauki Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero a Kano, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna yi. Gasa ce mai zafi, makin da ake nema yana bin bayan na likitanci kaɗan, guraben kuma ba su da yawa. Ɗalibi yakan zauna jarrabawar RN a aji huɗu, ta ungozoma a aji biyar, wasu su haɗa da ta lafiyar al'umma.

In kin tambaye ni ra'ayina: mai maki da halin jira ta nemi jami'a, domin duk inda aikin nan ya dosa, digiri ya dosa. Amma kada ki zauna shekara uku a gida kina maimaita JAMB alhali ga kwaleji mai izini a jiharku. Ki shiga, ki sami RN, digiri yana nan yana jiranki. Masu RN suna shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da shirye-shiryen karatu daga nesa da ke karɓar ma'aikatan da ke bakin aiki. Da yawa daga cikinmu da goyo a baya muka yi namu.

Akwai wata ƙaramar hanya ta shekara biyu, ta ungozomar karkara da nas ɗin karkara, wadda aka tsara don ƙananan hukumomin da ba su da ma'aikata. Lasisinta mai iyaka ne, na aiki a ƙananan asibitoci, kuma galibi ƙaramar hukuma ko jiha ce ke turo ɗaliba da sharaɗin ta koma garinsu ta yi aiki. Ga yarinyar ƙauye da aka yi wa aure da wuri, wannan ƙofa ce ta gaske. Shirin Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 ya yi irin wannan ƙoƙari a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda aka riƙa ɗauko 'yan matan karkara ana ba su shekarar share fage su gyara kiredit ɗinsu kafin su shiga makarantun lafiya. Wasu jihohin sun ci gaba da tsarin da kuɗinsu, don haka ki tambaya a ma'aikatar lafiya ta jiharku.

Sai abin da ba jinya ba ne amma ake kiransa jinya. CHEW da JCHEW ma'aikatan lafiyar al'umma ne, a makarantar fasahar lafiya ake horar da su, hukumarsu daban, lasisinsu daban. Aiki ne mai daraja, su ne ke riƙe da yawancin asibitocin karkara, amma wadda ta yi CHEW ba ta zama nas ba, kuma ba za ta zauna jarrabawar Majalisa da wannan takarda ba. Wanda ake kira ogzilari kuwa, wanda ya koyi allura a asibitin kuɗi ko a kemis na wata shida aka ba shi "satifiket", doka ba ta san da zamansa ba sam.

Mataki na uku: bincike kafin biya

Da maƙwabciyata ta yi wannan da awakinta na nan. Majalisa tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, jiha-jiha, kuma tana da ofisoshi a shiyyoyi da jihohi. Ki duba sunan makarantar da idonki. Kada ki yarda da hoton takardar da aka manna a ofishin shugaban makaranta, kada ki yarda da "muna kan hanyar samun izini". Izini ko akwai shi ko babu.

Ki duba kuma wane shiri aka amince musu. Makaranta tana iya samun izinin ungozoma ba ta da na jinya. Jami'a tana iya samun amincewar hukumar jami'o'i ta NUC amma Majalisa ba ta zo ta duba sashen ba tukuna, kuma ba tare da wannan ba ɗalibanta ba za su zauna jarrabawar lasisi ba.

Abu na uku, wanda ko masu ilimi yakan shige musu duhu, shi ne adadi. Majalisa tana yanka wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin da take amfani da shi. Makarantar da aka ba ɗari ta ɗauki ɗari uku, ɗari biyun nan suna zaune ne a kan iska. Ki tambayi 'yan aji biyu da aji uku, ba malamai ba: ku nawa kuka fara, ku nawa aka shigar da sunanku? Amsarsu ta fi duk wata takardar talla.

Masu tura 'ya'ya waje, Sudan ko Masar ko Indiya ko Yuganda ko maƙwabciyarmu Nijar, su sani cewa takardar can ba ta ba da damar taɓa majinyaci a nan kai tsaye. Sai Majalisa ta tantance takardun, an yi zaman sabawa da tsarin gida a wata cibiya da ta amince da ita, sannan a zauna jarrabawarta. Haka abin yake ta kowace fuska. A Nijar ma makarantun lafiya na gwamnati da ke Yamai da Damagaram suna da nasu tsarin da Faransanci, a Ghana kuma akwai tasu majalisar, kowace ƙasa da rajistarta.

Mataki na huɗu: watannin farko da lambar Majalisa

Zangon farko shi ne matankaɗi. A zamaninmu PTS ake ce masa, wata shida na karatun ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki da tushen aikin jinya, a ƙarshe a yi jarrabawa, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Sunan ya ɗan sauya a sabon tsari amma tankaɗen yana nan. Ƙasusuwa 206 ne a jikin baligi, kuma za a so ki san sunan kowanne da inda yake. Wadda ta zo da niyyar hutawa daga takurar gida, a nan ake rabuwa da ita.

Waɗanda suka tsallake su ake yi wa bikin sa hula da kunna kyandir da rantsuwa. Iyaye su zo, a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Biki ne mai daɗi, ni ma na yi kuka a nawa, amma ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne indeksin: makaranta ta tura sunanki da takardunki ga Majalisa, Majalisa ta tantance, ta ba ki lamba a matsayin ɗalibar da ta sani. Da wannan lamba za ki zauna jarrabawar ƙarshe. Ki nemi lambarki, ki rubuta ta a wuri uku, ki ba mahaifinki kwafi. In shekara ta zagayo ana ce miki "ana kan yi", to ki fara tambaya da babbar murya.

Mataki na biyar: bakin gado

Rabin karatun nan a asibiti ake yinsa. Za a zagaya da ke ɗakin maza da na mata, na yara, na tiyata, ɗakin haihuwa, sashen gaggawa, asibitin masu taɓin hankali, da asibitin karkara. Akwai ɗan littafin da ake sa miki hannu duk lokacin da kika yi wani aiki a gaban babba: gyaran gado da majinyaci a kai, wankin ciwo, sa robar fitsari, ba da magani, juya wanda ba ya iya motsi don kada bayansa ya ɓare. Ɗalibai sukan bi sista da littafi a ƙarshen wata suna roƙon sa hannu a kan abin da ba su yi ba. Kada ki shiga wannan layi. Ranar da za ki tsaya ke kaɗai, littafin ba zai taimake ki ba.

Ba na manta wani dutin dare da na yi ina aji biyu, a ɗakin masu ciki. Aikina awo ne kawai: zafin jiki, bugun jini, numfashi, hawan jini, duk bayan awa huɗu. Wata yarinya mai cikin fari, ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, ta ce mini, "Malama, kaina kamar zai tsage, kuma ina ganin wasu taurari." Ƙafafunta sun kumbura har zanen silifas ya fito a kai. Na ɗaura mata abin awo, na ga 170 bisa 110. Na sake, haka. Barci ne a idona, kuma zuciyata ta raya mini in rubuta in bari sai an zo zagayen safe. Allah ya taimake ni na je na taso sista. Ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. Kafin likita ya iso ta sa an kawo allurar magnesium sulphate, an juya yarinyar ta kwanta a gefen hagu, an kashe fitilar da ke kanta. Jijjiga ce ke tafe, aka tare ta a hanya. Da gari ya waye sista ta ce mini, "Ƙanwata, awon nan da kuke rainawa, shi ne aikin." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta wuce ta ba da rahoto.

Ki saba da rubutu tun yanzu. Abin da ba a rubuta ba, a wurinmu ba a yi shi ba. Lokaci, adadi, sa hannu. Ki kuma saba da cewa "ban sani ba, bari in tambaya". Ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ki fara taɓa allura, kuma kada ki taɓa mayar da murfin allurar da aka yi amfani da ita da hannu biyu.

Mataki na shida: jarrabawar Majalisa

Kafin ta, makaranta za ta yi miki tata jarrabawar ta tacewa, domin babu makarantar da ke son a ga ɗalibanta sun zube. Za ki kuma miƙa aikin bincike da rahoton wani majinyaci da kika bi tun daga kwanciyarsa har sallama.

Jarrabawar kanta kashi biyu ce. Akwai ta kwamfuta, tambayoyi masu zaɓi, don haka wadda ba ta saba da linzami da allon rubutu ba ta fara koya tun aji ɗaya. Akwai kuma ta aiki, wadda ɗalibai ke kira oski. Tebura ne a jere, kowanne da aikinsa, a buga ƙararrawa ki shiga, ki karanta umarni, ki yi abin da aka ce cikin 'yan mintuna mai jarrabawa na tsaye da takarda yana maki, a sake buga ƙararrawa ki matsa gaba ko kin gama ko ba ki gama ba. Abin da ke kayar da mutane a nan ba manyan abubuwa ba ne. Mantawa da wanke hannu, rashin gaishe da majinyaci da gaya masa abin da za a yi masa, rashin jan labule, ko da kuwa ɗan roba ne kwance a gadon. Ana yin ta jinya a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba.

In sakamako ya fito kin ci, za a yi miki rajista, a ba ki lambar RN ko RM da lasisin aiki. Takardu biyu ne, kada ki haɗa su: shaidar rajista ta dindindin ce, lasisi kuwa yana da wa'adi.

Mataki na bakwai: bayan lasisi

Masu digiri suna yin shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, da albashi, sannan bautar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama. Gurbin wannan shekara yana wahalar samu, don haka ki fara nema tun kafin a rantsar da ku, kuma kada ki kafe sai asibitin garinku.

Lasisi ana sabunta shi, kuma ba a sabuntawa sai da shaidar kin halarci bitar ƙarin ilimi ta dole da ake kira MCPDP. Na san ma'aikatan da suka shekara goma ba su waiwayi nasu ba, sai da damar aiki mai kyau ta zo suka shiga gudu da tara a kansu.

Daga nan sai ƙwarewa. Karatun gaba da RN yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma Arewa ba ta rasa wuraren yinsa ba: jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne ta Ƙasa a Kadunan dai, jinyar ƙwaƙwalwa a asibitocin tarayya irin na Barnawa. Akwai na sa barci a tiyata, na ɗakin tiyata, na yara, na kulawa ta musamman, na wankin ƙoda. Shawarata ki yi shekara biyu kina aiki kafin ki zaɓa, domin abin da kike so kina ɗaliba ba lallai ne shi za ki so ba bayan kin ɗanɗana. A aikin gwamnati ana hawa daga ƙaramin jami'in jinya har zuwa babban jami'i, amma kujerun darakta na masu digiri ne. Mai son koyarwa ko bincike sai ya wuce digiri na biyu da na uku.

Maganar fita waje ba a ɓoye take ba. A farkon 2024 magatakardan Majalisa na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma ƙa'idojin da aka fitar a watan Fabrairun shekarar don tsaurara tantance takardun masu tafiya sun jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Ba zan ce wa kowa kada ya tafi ba, na san abin da ake biya a nan, na kuma san yadda mutum ɗaya ke kwana da gado talatin. Ingila tana neman jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, da ta kwamfuta, da oski nasu a can. Amurka tana neman jarrabawar lasisinta ta NCLEX. Saudiyya tana tantance takardu ta hannun kamfanin DataFlow, sannan jarrabawar Prometric. Dukkansu kuma, kafin su dube ki, sai sun tuntuɓi Majalisar nan ta gida sun ji ko sunanki na cikin rajista kuma lasisinki na da rai.

'Yar maƙwabciyar tawa, da muka bincika, kiredit ɗinta biyar lafiya lau suke, a zama ɗaya ma. Ta sake zama JAMB, muka zauna ni da ita da wayata muka bi jerin makarantun Majalisa ɗaya bayan ɗaya kafin ta cike zaɓinta. Kwanakin baya ta turo mini hoton wata 'yar takarda, babu hula babu kwalliya, lambarta ce kawai a jiki. Yanzu tana aji biyu, an tura su ɗakin yara, kuma ƙorafinta a wannan makon shi ne jijiyar jarirai ba ta ganuwa.